Sabar tana tsayawa cikin dare amma sar bai nuna komai ba: ina kuskuren saitin yake?

Sabon Mai Kula:
Assalamu alaikum, malamai. Ina kula da wata ƙaramar sabar haya mai Ubuntu wadda ke ɗauke da shafin intanet da rumbun bayanansa, kuma masu amfani da ita suna kawo ƙorafin cewa kusan ƙarfe biyu na dare shafin yakan yi nauyi har ya daina amsawa na ɗan lokaci, sannan ya dawo da kansa. An ba ni shawarar in saka sysstat, kunshin da ke ɗauke da sar, manhajar da ke nuna alƙaluman aikin na'ura, domin in ga abin da ke faruwa a lokacin da ba na kan na'urar. Na saka, amma duk lokacin da na rubuta sar ba tare da ƙari ba sai ya ce ba zai iya buɗe wani fayil da ke cikin /var/log/sysstat ba, ya kuma nemi in duba ko an kunna tattara bayanai. Idan na rubuta sar 1 5 kuwa yana aiki lafiya. Me ya bambanta umarnin biyu, kuma me ya kamata in saita?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Bambancin shi ne sar 1 5 yana auna na'urar a gabanka, sau biyar da tazarar daƙiƙa ɗaya, shi kuwa sar shi kaɗai yana neman fayil ɗin tarihin yau ne, kuma babu wanda ya rubuta wannan fayil tukuna. Wanda ke rubuta shi wata ƙaramar manhaja ce mai suna sadc, wadda wani rubutun umarni mai suna sa1 yake kira lokaci bayan lokaci. Debian da Ubuntu suna kawo kunshin a kashe. Ka buɗe /etc/default/sysstat ka mayar da ENABLED daga false zuwa true, ko ka rubuta dpkg-reconfigure sysstat ka amsa da e, sannan ka bi da wannan:

systemctl enable --now sysstat

Bayan haka ka yi haƙuri na kusan minti ashirin kafin ka sake tambayarsa. Dalilin jiran yana da muhimmanci, domin shi ne tushen fahimtar duk abin da sar zai nuna maka nan gaba. Yawancin alƙaluman da kanel ɗin Linux yake ajiyewa a /proc/stat da /proc/diskstats da /proc/net/dev jimilloli ne da suke ta hauhawa tun daga lokacin da aka kunna na'urar, kamar mitar lantarki wadda karatu ɗaya ba ya gaya maka abin da aka sha yau, sai ka ɗebe karatun jiya daga na yau. Saboda haka sar yana buƙatar karatu biyu kafin ya iya fitar da layi ɗaya, kuma layin da ya fitar matsakaicin abin da ya faru ne tsakanin karatun biyu.

Sabon Mai Kula:
Na gode, Malam. Na yi yadda ka ce, kuma yanzu akwai tarihi. Na duba daren da ya wuce da sar -u -1, wanda na gano yana nuna fayil ɗin jiya, sannan na duba na yau, amma duk layukan da ke kusa da ƙarfe biyu suna nuna %idle sama da 80. An sake kawo ƙorafin a wannan daren, ga shi kuma alƙaluman suna cewa na'urar tana hutawa. Shin zan iya cewa matsalar ba daga sabar take ba?

Malamar Lissafi:
A'a, ɗan'uwa, ba za ka iya yanke wannan hukunci ba tukuna, kuma lissafi kaɗan zai nuna maka dalili. Saitin da sysstat yake zuwa da shi yana ɗaukar karatu sau ɗaya a kowane minti 10, wato daƙiƙa 600. A ce masarrafin ya cika maƙil na tsawon daƙiƙa 30 sannan ya koma hutu, abin da zai ƙaru a layin wannan tazara kashi 5 ne kawai cikin 100, domin 30 cikin 600 ke nan. Mutumin da ya zauna yana jiran shafi na rabin minti ya ga matsala ƙarara, amma layin da ka karanta ya narkar da ita a cikin minti tara da rabi na zaman lafiya. Ƙari a kan haka, sar -u yana haɗa dukan ƙwayoyin masarrafin ya ba ka matsakaici guda. Idan sabar tana da ƙwayoyi 4 kuma aiki ɗaya ya riƙe guda ɗaya gaba ɗaya, abin da za ka gani kashi 25 ne, alhali wannan aikin ya kai iyakarsa. Umarnin sar -P ALL shi ke rarraba su ɗaya bayan ɗaya.

Shawarata ita ce ka rage tazarar zuwa minti ɗaya. Za ka tashi daga karatu 144 a rana zuwa 1440, fayilolin za su ninka girmansu kusan sau goma, amma ga sabar guda wannan ba abin damuwa ba ne.

Sabon Mai Kula:
Malama, na buɗe /etc/cron.d/sysstat na canja layin da ke cewa 5-55/10 zuwa kowane minti, amma har yanzu layukan suna fitowa minti goma-goma.

Tsohon Hannu:
To, ba a nan gizo yake saƙa ba. A sababbin fitowar Debian da Ubuntu, fayil ɗin cron, tsohon mai tada ayyuka bisa jadawali, yana nan, amma agogunan systemd, mai kula da ayyukan na'urar, ne ke gudanar da aikin, don haka gyaran da ka yi bai taɓa komai ba. Ka rubuta systemctl list-timers, za ka ga sysstat-collect.timer mai ɗaukar karatu da sysstat-summary.timer mai haɗa rahoton rana. Kada ka gyara ainihin fayil ɗin agogon, domin sabunta kunshin zai goge maka gyaran. Ka rubuta systemctl edit sysstat-collect.timer ka zuba waɗannan layuka:

[Timer]
OnCalendar=
OnCalendar=*:0/1
AccuracySec=1s

Layin OnCalendar na farko da babu komai a gabansa da gangan aka bar shi haka, domin shi ne yake share tsohon jadawalin. In babu shi, sabon zai hau kan tsohon ne su yi aiki tare. Layin ƙarshe kuma na sa shi ne saboda systemd, idan ba a gaya masa ba, yana ba kansa sararin jinkiri har na minti ɗaya domin ya haɗa ayyukan da lokacinsu ya zo kusa, kuma jinkirin minti ɗaya a kan tazarar minti ɗaya yana sa karatun ya zo a karkace. Ka kuma mayar da fayil ɗin cron yadda yake, don kada wanda zai gaje ka ya ruɗe.

Mai Son Zane:
Da izinin malamai, ni ina ganin ana ɓata wa ɗan'uwanmu lokaci da kayan aikin da aka gada tun zamanin System V na Unix. Me ya hana ya saka node_exporter, manhajar da ke fitar da alƙaluman na'ura, Prometheus ya riƙa ɗaukar alƙaluman a kowace daƙiƙa 15, Grafana kuma ta zana masa su? Da kallo ɗaya zai ga inda layi ya yi tsalle, ba tare da ya zauna yana tantance ginshiƙan lambobi ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan: sar yana ajiye tarihinsa a kan na'urar da yake aunawa. Ranar da faifan ya mutu, ko kamfanin haya ya goge na'urar, shaidar ta tafi tare da ita. Sannan sar ba ya tashin kowa daga barci. Sai dai ka zo da safe ka karanta abin da ya riga ya wuce.

Tsohon Hannu:
Maganarka ta biyu da ta uku gaskiya ce, ɗan'uwa, kuma ban musa ba. Wanda yake da sabobi da yawa, ko yake buƙatar a sanar da shi nan take, dole ya tara alƙalumansa a wani wuri na daban. Amma dubi halin da mai tambaya yake ciki. Sabar ɗaya ce ƙarama, kuma ana zargin tana shaƙewa. Idan ya ɗora Prometheus da Grafana a kanta, ya ƙara mata kaya biyu masu cin RAM a daidai lokacin da muke neman sanin ko RAM ɗin ne ya gaza. Idan kuma ya kai su wata na'urar, ya ƙara wa kansa sabar ta biyu da zai kula da ita, sannan dole ya tsare ƙofa ta 9100, domin node_exporter yana ba duk wanda ya ƙwanƙwasa ta bayanan na'urar ba tare da tambayar kalmar sirri ba, sai in an saita masa. Shi kuwa sadc yana tashi ne, ya karanta /proc, ya rubuta, ya fita. Akwai kuma wani alheri a ajiyar gida da ake mantawa: lokacin da hanyar sadarwa ta yanke ko na'urar ta yi nauyin da ba ta amsa kira daga waje, zanen Grafana yakan nuna giɓi a daidai wurin da ake buƙata, alhali mai rubutawa a cikin gida sau da yawa ya samu ya rubuta. Ni ina barin sysstat a kunne ko a kan sabobin da ke da Prometheus.

Mai Son Zane:
Na yarda a bar su tare. Amma ban janye batun zane ba, domin ido yana kama tsalle a hoto fiye da yadda yake kama shi a jerin lambobi.

Malamar Lissafi:
Wannan ma akwai shi a cikin kunshin. Manhajar sadf tana karanta fayil ɗin da sadc ya rubuta ta fitar da shi a siffar da kake so: -g yana ba da zanen SVG da kowace burauza za ta buɗe, -j yana ba da JSON, -d kuma yana ba da layuka masu rabe-rabe da za a iya zubawa a maƙunsar lissafi ko rumbun bayanai. Zaɓuɓɓukan sar suna zuwa ne bayan karan ɗori biyu, kamar haka:

sadf -g -T /var/log/sysstat/sa14 -- -r -q > dare.svg

Ku lura da -T ɗin nan. Idan babu shi, sadf yana buga lokaci da agogon UTC, shi kuwa sar yana bugawa da agogon na'urar, kuma mutum zai iya zama yana neman matsalar ƙarfe biyu a wurin da ba nata ba saboda wannan bambanci kaɗai.

Mai Bin Diddigi:
Kafin a yi nisa da zane, ina so a koma kan abin da ake tattarawa, domin tazara rabin saitin ce kawai. Ɗan'uwa, ka buɗe /etc/sysstat/sysstat, wanda a Red Hat da danginta yake /etc/sysconfig/sysstat, fayilolin tarihin kuma a can suna /var/log/sa. Layin SADC_OPTIONS shi ke faɗin abubuwan ƙari da za a ɗauka. Yawanci za ka tarar da -S DISK, wanda ke ba ka alƙaluman faifai. Idan ka mayar da shi -S XDISK za ka samu har da ɓangarorin faifan da cikar tsarin fayiloli, wanda sar -F yake nunawa, idan kuma ka ƙara SNMP za ka samu alƙaluman TCP irin su yawan saƙonnin da aka sake turawa. Akwai XALL mai kwashe komai, amma ban cika son sa ga tazarar minti ɗaya ba, domin yana cika fayil da abubuwan da ba wanda zai duba.

Abin da ke ruɗa mutane a nan shi ne gyaran ba ya fara aiki nan take. Idan fayil ɗin yau ya riga ya wanzu, sadc yana bin jerin abubuwan da aka fara rubuta shi da su, ya yi watsi da sabon -S, sai an buɗe fayil ɗin gobe da tsakar dare. Wanda yake gaggawa sai ya matsar da fayil ɗin yau zuwa wani suna domin a buɗe sabo.

A cikin wannan fayil ɗin saiti akwai HISTORY, yawan kwanakin da ake ajiyewa, wanda a Debian 7 ne. Mako ɗaya bai isa ga matsalar da ke iya zama ta ƙarshen wata ba, don haka ka ɗaga shi zuwa 28. Idan kana son fiye da haka ka tabbata akwai -D a cikin SADC_OPTIONS, domin sunayen fayilolin na asali lambar ranar wata kawai suke ɗauke da ita, sa14 na wannan wata zai hau kan sa14 na watan jiya, shi kuwa -D yana sa shekara da wata a cikin sunan.

Sabon Mai Kula:
Allah ya saka da alheri. Na yi duka, kuma yanzu na samu daren farko mai tazarar minti ɗaya. Na yanko lokacin da -s 01:50:00 -e 02:30:00. Daga 02:01 zuwa 02:04 %iowait ya tashi daga kusan sifili zuwa sama da 40, ldavg-1 a sar -q, wato matsakaicin nauyi na minti ɗaya, ya haura 9 a na'ura mai ƙwayoyi 2, amma %user bai motsa sosai ba. Shin wannan yana nufin masarrafin ya yi kaɗan, in nemi babbar sabar?

Tsohon Hannu:
Kada ka yi saurin sauya na'ura. Alƙaluman biyu da ka kawo suna cikin waɗanda aka fi yi wa mummunar fahimta. Shi %iowait wani nau'i ne na zaman banza: lokacin da masarrafin ba shi da aikin yi, kuma akwai buƙatar faifai da ba a amsa ba tukuna. Masarrafin da yake cikin iowait ba wahala yake sha ba, jira yake yi, kuma ƙara masa ƙwayoyi ƙara yawan masu jira ne kawai. Haka kuma ƙarancinsa ba ya wanke faifai, domin idan wani aiki ya shagaltar da masarrafin, lambar za ta faɗi ko da faifan yana nan yana jan ƙafa. Shi kuma matsakaicin nauyi, a Linux tun 1993 ba masu neman masarrafi kaɗai yake ƙirgawa ba, yana haɗawa da ayyukan da suka maƙale a barcin da ba a katsewa, waɗanda ps yake nunawa da harafin D, kuma yawancinsu faifai suke jira. Don haka ka dubi ginshiƙai biyu a sar -q: runq-sz, masu jiran masarrafi, da blocked, masu jiran shigarwa da fitarwa. Ina kyautata zaton na biyun ne ya tashi.

Tunda sabar haya ce, ka dubi %steal ma, wato lokacin da na'urarka ta so yin aiki amma uwar na'urar ta ba wani maƙwabci masarrafin. Idan yana kusa da sifili, an fitar da maƙwabta daga zargi ta wannan fuska.

Malamar Lissafi:
Ka kawo mana sar -d -p na wannan lokaci, ka dubi await da aqu-sz, wato tsawon jiran kowace buƙata da tsawon layin. Kada %util ya ɗauke maka hankali, domin abin da yake aunawa shi ne kason lokacin da faifan yake da aƙalla buƙata ɗaya a hannu. Ga tsohon faifai mai juyawa wannan yana nuna cika, amma SSD da NVMe suna amsa buƙatu da yawa a lokaci guda, suna iya nuna 100 alhali da sauran ƙarfinsu. Sannan ka kawo sar -r da sar -W da sar -B, domin sau da yawa wahalar faifai alama ce ta ƙarancin RAM. A sar -r ka bar kbmemfree, wanda kullum ƙarami ne saboda Linux yana cika RAM ɗin da ba a amfani da shi da kwafin fayiloli. Ka dubi kbavail, wanda ya dogara da ƙiyasin MemAvailable da aka ƙara wa kanel a siga ta 3.14 a 2014.

Sabon Mai Kula:
Ga abin da na gani. %steal bai kai 1 ba. Ginshiƙin blocked ne ya tashi, kamar yadda Malam ya zata. A daidai 02:01 kbavail ya zube ƙasa ƙwarai, pswpout/s, wato shafukan RAM da ake turawa faifai, da yake sifili duk dare ya tashi, pgscand/s ma ya tashi, await kuma ya ninka sau da yawa. Da 02:05 komai ya lafa, sai dai pswpin/s ya ci gaba da motsi na wasu mintoci. Amma na duba duk zaɓuɓɓukan sar ban ga inda yake faɗin sunan manhajar da ta jawo haka ba.

Mai Bin Diddigi:
Ba za ka gani ba, domin sadc ba ya ajiye bayanin aiki ɗaya-ɗaya, na'urar gaba ɗaya yake aunawa. Amma labarin ya riga ya fito. Wani abu ya nemi RAM mai yawa a lokaci guda, kanel ya fara kwashe shafukan wasu ayyuka zuwa swap, wato wurin da aka ware a faifai domin abin da RAM ya kasa ɗauka, tashin pgscand/s kuma yana nufin ayyukan da kansu aka tsayar suna neman wa kansu wuri, wanda shi ne tsayawar da masu amfani suka ji. Motsin pswpin/s na baya kuwa rumbun bayanan ne yake dawo da shafukansa daga faifai. Abin da ke farawa a kan ƙarfe biyu daidai kusan kullum aikin jadawali ne, don haka ka duba crontab na root da na sauran masu amfani, da /etc/cron.d, da systemctl list-timers. Domin a kama shi da hannu a cikin aiki, ka tsara wannan ya tashi da 01:55 a matsayin root:

pidstat -u -r -d -h 5 240 > /root/dare.txt

Zai rubuta masarrafi da RAM da faifan ayyukan da ke motsi a kowace daƙiƙa 5 na tsawon minti 20. Idan kana son irin wannan tarihi a kullum, atop yana ajiye shi, sai dai shi ma da tazarar daƙiƙa 600 yake zuwa, don haka lissafin da Malama ta yi a sama ya hau kansa. Ka kuma duba journalctl -k ko kanel ya kashe wani aiki saboda ƙarewar RAM.

Sabon Mai Kula:
An kama shi. Rubutun kwafin ajiya ne: yana fitar da rumbun bayanan, yana matse shi da xz a mataki na 9 da zare da yawa, kuma pidstat ya nuna xz ɗin ne ya fi kowa cin RAM a wannan lokaci. Kanel bai kashe komai ba. Ina tunanin in sa masa nice da ionice.

Tsohon Hannu:
Ba za su magance wannan ba, domin nice yana rage rabon masarrafi ne, ionice kuma rabon faifai, ba ɗayansu da ke hana aiki cin RAM. Shi ionice ma sai mai tsara layin faifan yana mutunta shi, kuma idan ka duba /sys/block/vda/queue/scheduler, ko sunan da faifanka yake da shi, ka ga none, to ba abin da zai yi. Matakin 9 na xz yana buƙatar sama da megabait 600 ga zare ɗaya, kuma buƙatar tana ƙaruwa da yawan zaren. Ka sauko zuwa mataki na 6 da -T1, wanda bai kai megabait 100 ba, ko ka koma zstd, wata manhajar matsewa, sannan ka gudanar da rubutun ta systemd da MemoryMax, saitin da ke ƙayyade RAM, domin ko ya yi haɗama ya tsaya a iyakarsa.

Ka bar tazarar minti ɗayan yadda take. Gobe da safe ka fitar da sar -r da sar -W na lokacin nan daga fayil ɗin yau da na gobe ka jera su gefe da gefe. Idan pswpout/s ya zauna a sifili kuma blocked bai tashi ba, gyaran ya kama. Ka kwafe fayil ɗin daren da matsalar ta bayyana zuwa wani wuri kafin sa2, rubutun da ke haɗa rahoton rana da share tsofaffin fayiloli, ya share shi, ka haɗa da fitarwar sar -A a rubuce, domin fayilolin sa ba rubutu ba ne, kuma sabuwar sigar sysstat tana iya ƙin karanta tsohon fayil sai an juya shi da sadf -c.